Kamu Ɗaya Na Kirtani

Celorico, 9 ga Afrilu

'Yata Graciete,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Armindo da jikokina biyu. Yaya sanyin Faransa, ya sake ku kuwa? In kina son jin tawa lafiyar, gwiwar hagu ce kaɗai ke min gardama, sauran jiki na bin umarni.

Na bar waya ta huta na ɗauki alƙalami, don takarda ba a kashe ta a kunnen mutum. Sau uku na buga tun bayan jana'iza, sau uku Armindo yana ce min kina wanka. Na ce masa to madalla, ashe duk garin Clermont babu mai tsaftar 'yata.

Abin da kika gani a ƙofar coci ranar da muka binne mahaifiyarki, ban musa ba. Dillalin nan na Viseu ne ya tare ni yana tambaya ko cukun bana ya nuna, bakina kuma ya amsa masa kafin zuciyata ta farga. Shekara arba'in da biyar bakin nan yana wannan aiki, bai san ranar makoki ba. Kika dube ni kika ce, “Baba, yau ma kasuwa?” 

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba.

Ranar Talata maƙwabciyarmu Benvinda ta shigo ta taya ni kwashe kayan marigayiya. A ƙasan akwatin zannuwa muka sami gwangwanin biskit ɗin nan mai hoton jirgin ruwa, wanda take tara maɓallai a ciki. Ƙarƙashin maɓallan akwai kirtani a naɗe cikin hankici, fari mai ratsin shuɗi, da ƙulli uku a baki ɗaya. Benvinda na ganinsa ta yi alamar gicciye ta nemi kujera. Kin san yadda matan nan namu suke yi: mutum ya kwanta ciwo har likita ya girgiza kai, sai su auna shi da kirtani daga tsakar ka zuwa diddige, su yi bakance cewa in ya tashi za su ɗauki kyandir mai tsawonsa su taka da ƙafa har garin Fátima, wurin Uwarmu Maryamu. Ranar da aka cika, kirtanin da kyandir tare ake jefa su a wuta. Tunda ga shi nan a gwangwani, ba a cika ba ke nan. Benvinda ta ce wanda ya tafi da bakance a wuyansa ba ya samun kwanciya sai wani nasa ya sauke masa.

Kin san ni da irin waɗannan zantuka. Duk watan Mayu sai mahaifiyarki ta ce, Abílio, bana dai mu je. Ni kuma in ce mata Uwarmu ta san inda nake, in tana nemana ta zo kasuwar cuku ranar Juma'a, rumfa ta uku daga famfo. Ta kan ci gaba da juya cuku a kan katako. Shekara talatin da ɗoriya muna wannan wasa, ni kaɗai nake dariya. Yanzu kuwa in ƙofar ɗakin cuku ta yi ƙara, sai in ce ita ce.

Na miƙe kirtanin a jikina, iya ƙirjina ya tsaya. Tsawon yarinya 'yar shekara bakwai ke nan. Kin tuna shekarar da sanƙarau ya kwantar da ke har aka kira Fada, limamin cocinmu? Naki ne, Graciete. Dominki ta yi, kika tashi, ita kuma ta mutu ba ta cika ba saboda ta auri mai taurin kai.

Zan je in sauke mata. Fada Horácio zai tafi da jama'ar cocinmu. Masu jini a jika za su taka tun daga nan, mu tsofaffi jirgin ƙasa zai kai mu Coimbra, daga can mu ɗaga ranar tara ga Mayu, kwana huɗu a hanya. Jirgin Faransa kuma ta Coimbra yake bi. Ban ce ki zo domina ba. Na san darajar hajata, ba zan kasa ta a gabanki ba. Amma kyandir ɗin tsawonki ne, kuma ina ganin za ta so ta ga mai tsawon tana tafe a bayansa.

Ki gai da Armindo, ki ce masa ya rage miki wankan nan kada fata ta saɓule. Ki shafa min kan yaran.

Mahaifinki,
Abílio

Celorico, 27 ga Afrilu

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri a gare ku duka. Yaya tarin ƙaramin naku? Ki ba shi zuma da lemun tsami, ba sai an kai shi wurin likitan Faransa ya rubuta masa shafi uku ba.

Armindo ya bugo jiya ya ce kin yanki tikiti, za ki iso ranar takwas da safe. Ban ji muryarki ba, amma mai saye in ya aiko wakili, ciniki ya faɗa. Na ajiye wayar na shiga ɗakin cuku na gaya wa ƙofa.

Na kai kirtanin can garin Guarda wurin mai yin kyandir. Kakin zuma zalla na ce, ba wannan farin na masana'anta ba, kuma sai da na shinshina na sa farce kafin in yarda. Kaurinsa kamar wuyan hannunki. Na naɗe shi da ƙyallen cuku, Benvinda ta ɗinka masa maratayi. In na saɓa shi kamar maharbi, sai dai maharbin da ba ya kashe komai.

In jirginku ya tsaya a babbar tashar bayan gari, ki sauka ki shiga ƙaramin nan da ke shiga cikin gari, minti biyar ne, zai ajiye ki a bakin kogi. Kada ki zo da sabon takalmi. Wanda ya riga ya san ƙafarki, da safa bibbiyu.

Batun masauki kuwa ki bar min. Zan riga ki da kwana ɗaya in zaɓa. Shekara arba'in ina kwana a garuruwan mutane, na san abin nan kamar yunwar cikina. Gidan da ke kallon ƙofar tasha ba a shigarsa, tarkon baƙo ne, sai a zaga lungun baya. A shinshina matakala kafin a gaisa da mai gida: in ƙanshin miya ne a hau, in turare ne to ana ɓoye wani abu. A ɗaga katifa a duba ɗinkinta saboda kuɗin cizo. A dubi kyanwar gidan, in ta yi ƙiba baƙi ma za su ƙoshi. Taga kuma ta hango agogon tasha, don agogon mai masauki shi yake yi wa aiki. Zan samo miki ɗakin da ko a Faransa sai dai ki ba da labari. Lungu ɗaya ne ba zan bi ba a garin nan, wannan kuma tsohon zance ne.

Sai kin zo. Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifinki,
Abílio

Coimbra, 7 ga Mayu

Graciete,

Sannu da hanya, sannu da zaman jirgi kwana da wuni. Ina fatan kin iso lafiya, kin kuma bar su Armindo lafiya. Matar da ta tare ki a tasha ta miƙa miki wannan takarda, sunanta Dona Custódia. Ki bi ta, ki hau sama, ki cire takalmi, ki zauna kafin ki karanta sauran. Lafiyata ƙalau, kada ki tsorata. Kunya ce ta hana ni zuwa.

Na sauka da hantsi yau. Ni da nake taƙama da sanin gari, na manta a makon nan ne ɗaliban jami'a suke bikin gama karatu. Gari ya cika maƙil da baƙaƙen alkyabbun ɗalibai, da iyayen da suka zo kallon wahalarsu ta shekara biyar tana amai a bakin kogi. Wani ya hango kyandir a kafaɗata ya ce, “Kaka, kunna mana mu ɗana taba!” Na ce masa, “Jikana, in na kunna shi zai fi ka daɗewa a tsaye.” Abokansa suka yi masa ihu. Wannan ce nasarata ta ƙarshe a yinin.

Na fara da sabon otal ɗin nan mai ƙofar gilashi da ke kallon tasha, abin da na ce miki ba a yi. Akwai ɗaki, har da na'urar sanyi, wadda kakin zuma zai yi murna da ita. Sai matar da ke kan tebur ta ce kaya masu tsawo a ƙasa ake ajiye su tare da kekuna. Na ce mata wannan ba kaya ba ne. Ta kira manaja, ya tambaye ni ko kunnawa zan yi. Na ce ba a nan ba. Ya ce doka ce. Na ce ya gai da doka.

Na biyu a lungu yake, matakala na tashin turare kamar shagon aski, amma na daure na hau. Na dafa bango, zafi rau. Ashe gidan burodi ne a ƙasa. Kafin gari ya waye kyandir zai rusuna kamar mai neman alfarma. Matar gidan kuma ta tambaye ni awa nawa zan yi, sai na gane irin baƙin da take sauka.

Akwai zauren coci inda su Fada Horácio suka shimfiɗa barguna, mutum arba'in, labule tsakanin maza da mata. Ni ya ishe ni. Amma ba zan kwantar da wadda ta ratso ƙasa biyu a kan siminti ba, kuma ina son ɗaki mai ƙofa, inda in kina son yi min tsawa ki yi ba tare da 'yan kallo ba.

Ƙofa tara na ƙwanƙwasa. Wajen la'asar gwiwa ta fara kuka, sai na ga ƙafafuna sun shige lungun masu gyaran takalmi, bayan tasha, wanda na rantse ba zan bi ba. Matakala na ƙanshin miyar kabeji. Kyanwa a kwance kamar buhun gari. Taga tana kallon agogo. Graciete, duk ƙa'idojin nan da na rubuto miki ina feleƙe, ashe gidan nan nake kwatantawa ban sani ba.

Mai gidan, Dona Custódia, ba ta tambayi sunana ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Abílio mai cuku. Kai har yanzu ba ka mutu ba? Sama ba sa son ka, Shaiɗan kuma yana tsoron ka cuce shi a sikeli.” Ta ce ɗaki na huɗu ba kowa, ba ta ba da shi ga 'yan biki. Ban nemi a nuna min hanya ba.

Yanzu sai ki yi haƙuri, zan buɗe kwandon daga ƙasa, inda ake ɓoye ruɓaɓɓu.

Kina 'yar shekara shida aka ce miki Baba ya tafi aiki Coimbra, wata takwas. Ba aiki na zo ba. Gudu na yi. Na gaji da dutse, da warin tumaki, da shirun mahaifiyarki, da zama mijin wata da uban wata. Takardun jirgin ruwa nake jira in wuce Venezuela ni kaɗai. Ba wata mace a ciki. Da ma akwai, da na sami wadda zan raba laifin da ita. A wata takwas ɗin nan ko layi ɗaya ban rubuto gida ba. Sai taifot ya kayar da ni a ɗakin nan, a kan gadon da kike zaune, mako uku ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo jirgi ya tafi, ƙarfi ya tafi, sai na lallaɓa na koma gida da labarin aiki a bakina. Mahaifiyarki ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce miya na kan wuta. Ba ta taɓa tambayata ba. Na ɗauka ta sayi labarin, har nakan ce a raina ban taɓa cinikin da ya kai wannan ba.

Ɗazu a kicin Dona Custódia tana yanka kabeji ta tambaye ni kyandir na wane ne. Na zuba mata labarin sanƙarau, yadda na zuba miki. Sai ta ajiye wuƙa ta ce in nuna mata kirtanin. Ta juya shi a hannu ta ce, “Wannan ai igiyar shanyata ce. Daga tagar can na kwance ta.”

Ta ce da ta ga zan mutu mata a gida, sai ta lalube aljihuna ta sami adireshi ta aika. Mahaifiyarki ta zo a jirgin safe, da laka a takalminta. Ta auna ni a kwance, ƙulli uku a wajen kai, ɗaya a diddige. Ta yi bakancen da ƙarfi, Custódia na ji: in na tashi na koma gida da ƙafata, mu biyu za mu ɗauko kyandir daga ƙofar gidan nan har Fátima. Mu biyu, Graciete. Ta goge min fuska, ta sa Custódia ta dafa gicciye ta rantse ba za ta faɗa ba, ta bi jirgin yamma ta koma saboda tatsar tumaki. Custódia ta ce mata, ke kuwa me ya sa ba za ki bari ya san kin zo ba? Ta ce, “In ya sani, kunya ce za ta kawo shi. Ni ba mai kunya nake jira ba, mai dawowa nake jira.”

Shi ya sa ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Shi ya sa duk Mayu take cewa bana dai mu je. Ni kuma ina ba ta adireshin rumfata.

Sannan Custódia ta miƙe kirtanin ta ce, “Amma ai ya fi haka tsawo. Ina ƙullin ƙafa?”

Kin tuna ranar da za ki tafi Faransa? Kina shekara goma sha tara, mota na ta ƙaho a waje, hannun akwatinki ya tsinke a bakin ƙofa. Na ruga ciki neman abin ɗauri, na zazzage gwangwanin maɓallai, na ga kirtani, na yanko kamu ɗaya na ɗaure miki. Mahaifiyarki ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Na ce mata, haba mata, Faransa ce fa, ba lahira ba.

Saura ɗaya, ita ce ta ƙasan kwando. Ranar da Benvinda ta warware hankicin nan, na ga bakin kirtanin. Yankan wuƙata ne, a karkace, na san shi kamar sa hannuna. Allah ya sani ban san awon wane ne ba. Amma na san ba cikakke ba ne, na san ba zai zama na 'yar shekara bakwai ba. Na rufe ido, saboda ina neman abin da zan jawo ki da shi, ga shi kuma ya faɗo hannuna. Cuku mai tsutsa na shafe wa baya da mai na sayar wa 'yar cikina.

Ɗakin naki ne. Na ɗaga katifar na duba, ba komai. Ni zan koma zauren coci. Ranar tara da ƙarfe bakwai jama'a za su haye gada, ni zan tsaya a bakinta har ƙarfe tara. Dona Custódia ta san lokacin jirgin komawa. Ko wanne kika zaɓa, ba zan ce an cuce ni ba.

Kyandir ya gaza da kamu ɗaya, ba kuma halin sake wani. Haka zan kai shi. Uwarmu ta daɗe da sanin sikelina.

Ki ci miyar, tana da kyau.

Mahaifinki, in har yanzu sunan yana karɓuwa,
Abílio

Fátima, 13 ga Mayu

'Yata Graciete,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fatan kin koma gida lafiya, kin sami Armindo da yara lafiya, gajiyar jirgi zuwa da dawowa ta bi lafiya. Ni na iso jiya da yamma. Farcen ƙafa biyu sun zauna a hanya, sun ce in wuce za su biyo ni.

Na ɗan yi miki ha'inci, gara ki ji daga bakina. Ranar da kika iso ina shagon kofi da ke kallon tasha, na ɓuya a bayan jarida. Na ga fitowarki. Furfura ta fara miki, ba wanda ya gaya min. Kafaɗar hagu kuma kina sauke ta in kina tafiya, sak mahaifiyarki. Na ga Dona Custódia ta nufo ki da takardata, amma kafin ta buɗe baki kin ajiye jaka kin tsaya kina kallon ta, kun daɗe a haka kamar masu tuna inda suka san juna. Ban gane ba a lokacin. Na zauna ina kallon tagar ɗaki na huɗu har mai shagon ya fara goge tebur da ni a kai. Labule bai motsa ba.

Ranar tara jama'a suka haye gada da ƙarfe bakwai suna waƙa. Fada Horácio ya ce, Abílio, taho mana. Na ce ina ɗaure takalmi. Awa biyu ina ɗaure takalmin nan. Tara ta buga, na ƙara miki awa ɗaya gyara. Wajen goma na hango mace ta nufo ni da sauri. Ashe Custódia ce, da silifas na cikin gida, tana haki tana zagina, wai a tsufanta na mai da ita masinja.

Ambulan ta miƙa min, ba rubutu a baya, ba takarda a ciki. Kamu ɗaya na kirtani, fari mai ratsin shuɗi, ya yi baƙi a tsakiya inda hannu ya riƙa kamawa. Ga ƙulli ɗaya a bakinsa.

Custódia ta jingina da ƙarfen gada ta ce, “Akwai abin da ban gaya maka ba, don ba sirrina ba ne. Matarka Ermelinda ba ita kaɗai ta zo ba. Ni ina riƙe da kanka. Wa kake tsammani ya riƙe mata bakin kirtanin a diddigenka?” Ta ce kin ce, Mama, ƙafar Baba zafi. Ta ce ƙullin nan ke kika ɗaura shi, mahaifiyarki na riƙe da yatsunki.

Ashe kin sani. Duk shekarun nan da nake zama a kan abinci ina ba da labarin aikin Coimbra, har da sunan maigida da na ƙirƙira, da gashin bakinsa, ke kina kallon kwano, ni ina cewa yarinyar nan ba ta da fara'a. Ashe takardata ta farko kin karanta inda na ce naki ne, kin san ba naki ba ne, amma kika yanki tikiti, kika sa guntun nan a jaka. Shekara goma sha tara yana wurinki. Ni ko rasit ban taɓa ajiyewa haka ba.

Na tambayi Custódia me kika ce. Ta ce kin karanta sau biyu, kin sha miyar, kin kwanta a kan gadon ba ki yaye bargo ba. Da safe kika ba ta ambulan kika ce, “Ki ce masa wannan karon ya cika awo.” Ta ce ta baro ki kina zaune a benci a tasha.

Daga bakin gada zuwa tasha minti biyar ne, ko da wannan gwiwar. Na auna abin a raina, ba sau ɗaya ba. Na san in na zo bakin nan zai fara aiki, zai yi kuka inda ya dace, ya yi barkwanci inda ya dace, wataƙila ma ya ci nasara. Amma cewa kika yi in cika awo, ba ki ce in zo ba. Sau ɗaya dai a rayuwata na ba mai saye abin da ya tambaya.

A nan kan gada na haɗa su na ƙulle. Na taka ƙullinki da diddige, na miƙe iya miƙewata, Custódia ta ja ɗayan bakin sama. Ya wuce kaina da yatsa huɗu. Mutumin da mahaifiyarki ta auna ya fi ni tsawo.

Hanyar ba ta da labari. Na cim ma jama'a a Condeixa, ruwa ya dake mu kafin Pombal, manyan motoci suna wucewa suna watsa mana laka. Mata suna jan addu'a, ni ina ƙirga turakun waya. Wani tsoho ya tambaye ni ko na jika ne kyandir ɗin. Na buɗe baki in ba shi labari mai daɗi, sai na ji na ce, “Nawa ne, na gutsure shi.” Ya matsa gefe.

Wurin ƙona kyandir ba yadda na zata ba ne. Wuta ce babba, mutane na turereniya, zafi na narkar da kaki tun yana hannunka. Na naɗe kirtanin gaba ɗaya a jikin guntun kyandir ɗin, daga ƙulli uku har zuwa naki. Addu'ar da Fada ya koya mana ta gudu ta bar ni. Na ce, Ermelinda, ga shi, ya cika. Na jefa. Shekara talatin da biyu ta jira, bai ɗauki lokacin yanka cuku ɗaya ba. Mu biyu ta ce. Ɗaya ya zo, a makare.

Benvinda za ta ce yanzu ta kwanta. Allah ya sa. Ƙofar ɗakin cuku dai za ta ci gaba da ƙara, don tsatsa ce, na sani tun farko. Ba zan sa mata mai ba.

Na roƙi Dona Custódia ta riƙe min ɗaki na huɗu ranar takwas ga Mayu, baɗi da duk shekarar da muke raye ni da ita. Ta ce in fara tambayar likita. Ba tarko ba ne, Graciete, ba ni da sauran abin da zan ɗana. Zan zauna a taga ne kawai in ga shigowar ƙaramin jirgi. In na bugo Armindo ya ce kina wanka, zan ce a gaishe ki, ba zan ƙara komai ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai tun daga gada. Da kika kwance kirtanin, da me kika ɗaure hannun akwatin? In har yanzu a tsinke yake, ki zo da shi wata rana. Ina da wani kirtanin, na kasuwa, wanda bai taɓa auna kowa ba.

Ki gai da mutanen gida. Ki shafa min kan yaran.

Mahaifinki,
Abílio